Abokaina Na Cewa Kwas Ɗina Ba Ya Kawo Abinci

Tambaya: Malam, ina aji biyu a jami'a, sashen Hausa. Lauya na so zama, makina bai kai ba. Abokai suna yi mini dariya, har na fara raina kaina. Ina mafita?
Wani ɗalibi, Kano.

Amsa: Ɗana, dariyarsu ba za ta rage maka komai ba, raina kanka ne zai rage. Dubi Abubakar Imam: malamin makaranta ne a Katsina lokacin da ya shiga gasar rubutu ta 1933 da littafinsa Ruwan Bagaja. A 1939 ya zama editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. Alƙalaminsa na Hausa ne ya ɗaga shi.

Yau ma gidajen rediyo, kotuna da masu shirya fina-finai suna neman gwanin fassara. To, ka gyara Turancinka, ka ƙware a kwamfuta, ka nemi gidan jarida ka riƙa koyon aiki lokacin hutu. Idan son lauya bai bar zuciyarka ba, da digirinka za ka iya sake nema. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya dafa maka.