Sada Zumunci a Kwanakin Annoba

Jama'ar Sundimina, lokacin da aka rufe Kano a watan Afrilun 2020 saboda annobar korona, aka kuma hana zirga-zirga tsakanin jihohi, da yawanmu mun zauna jiran labarin dangi, alhali kuwa direbobin Birnin Kudu da Gwaram masu kawo saƙo sun jingine motocinsu. Zumunci wajibi ne, annoba ba ta saukar da shi. Ku ware yammacin Juma'a ku kira dattawa ɗaya bayan ɗaya. Tsohuwar da ba ta da waya, jikanta ya kara mata tasa a kunne. Labarin rasuwa kuwa, kada ku yaɗa shi sai kun tabbatar daga bakin maigidan da abin ya shafa.