ABOKIN ƊAKINKA SHI NE MAƘWABCINKA NA FARKO: NASIHA GA SABBIN ƊALIBAI



Kwanakin nan saƙonni sun yi yawa daga ƙannenmu da suka samu gurbin karatu a jami'a, kowa tambayarsa ɗaya ce: "Malam, me zan tafi da shi hostel?"

To, kaya ba su da wahalar lissafi: katifa, gidan sauro, bokiti biyu, buta, sallaya, fitila mai caji, kwaɗo mai ƙarfi, sai ɗan garin kwaki da ƙuli-ƙuli saboda ƙarshen wata. Kafin ka shimfiɗa katifa, duba lungunan gadon saboda kuɗin cizo. Takardunka na asali ka kulle su, ka riƙa yawo da kwafi.

Amma wallahi ba kaya ne ke kayar da ɗalibi ba. Zama da mutane ne.

Shekarata ta farko a jami'a a ƙasar Larabawa, mu uku ne a ɗaki. Kullum ƙarfe uku da rabi na dare nakan kunna fitila in fara muraja'a da ƙarfi, ina ganin aikin lada nake yi. Ɗaya daga cikinmu kuwa da daddare yake karatu, sai wajen ƙarfe ɗaya yake kwanciya. Bai taɓa yi min magana ba. Bayan wata biyu na dawo daga lakca na tarar ya kwashe kayansa. Daga baya na ji cewa gyangyaɗi yake yi a aji har darussa suka kuɓuce masa. Na je na nemi afuwarsa ya yafe, amma abin bai bar raina ba. Ina neman lada da nafila, ina tauye haƙƙin da yake wajibi.

Aya ta 36 a Suratun Nisa'i ta lissafa waɗanda aka umarce mu da kyautata musu, har da maƙwabci na kusa, da na nesa, da abokin zama. Wanda gadonsa ke saman naka fa? Kuma malamai sun bayyana cewa maƙwabci yana da haƙƙi ko da ba Musulmi ba ne. Wanda aka ba shi ɗaki a Danfodio a ABU Zariya, ko 'yar'uwa da aka kai Amina, ba shi ne zai zaɓi abokan ɗakinsa ba. Za ka iya haɗuwa da Kirista daga Benuwai ko Bayarabe daga Ilori.

Saboda haka:

1. Ku zauna a makon farko, tun ana ganin girman juna. Yaushe ake kashe fitila? Wa ke shara yau? Baƙo har ƙarfe nawa? Abin da ba a faɗa ba da fara'a, a faɗa za a faɗe shi.

2. Kada ka taɓa kayan kowa sai da izini, ko da caja ce ko cokalin sukari. "Ai ɗan'uwana ne" ba izini ba ne.

3. Bashi ka rubuta shi, komai ƙanƙantarsa.

4. Mai karatun dare ya tafi aji ko masallaci. Mai sauraren wa'azi ya sa abin kunne.

5. Hita da risho: in makaranta ta hana, ka bari. In an ɗauke wuta, cire komai daga soket kafin ka fita, don gobara takan tashi ne idan wuta ta dawo ba kowa a ɗaki.

6. In abokin ɗakinka ya kwanta da zazzaɓi mai zafi, ciwon kai da sanƙarewar wuya, musamman lokacin zafi, a kai shi asibitin makaranta nan take. Sanƙarau ba ya jiran gari ya waye.

7. Ranar farko ka nemi masallaci, ka san 'yan MSSN. Duk wanda ya gayyace ka taron dare da ba a faɗin inda za a yi, ko ya ce zai ba ka kariya, ka guje shi.

Iyaye kuma, ku riƙa tambayar yaranku da wa suke kwana, ba sakamakon jarrabawa kaɗai ba.

Allah Ya haɗa ku da abokan zama nagari, Ya sa ku ma ku zama nagari gare su. Wanda ya taɓa zaman hostel ya ƙara wa ƙannenmu abin da na manta.

Wallahu a'alam.