Darasin wannan wata: shuka geza da kula da ita

'Yan uwa mazauna sansani, da yawanmu mun san geza tun daga gida. Ita ce itaciyar nan mai jajayen rassa da ke fita a fako da ƙasa mai tsakuwa, idan ta samu itace kusa da ita sai ta hau shi. A Senegal da Mali ana kiran ta kinkeliba, ana dafa ganyenta a sha kamar shayi, musamman lokacin buɗa-baki.

Abin da ya sa muka kawo wannan darasi shi ne mata da yara suna yin nisa cikin daji neman ganye da itace. Hanyar ba ta da tsaro, kuma saran itace a gonakin mutanen gari yana jawo rigima da su da ma'aikatan gandun daji. Geza biyu ko uku a gefen dangarku za su rage wannan fita.

Yadda ake shuka ta

A tara 'ya'yanta da rani idan sun bushe sun yi ja. Kowane ɗa yana da fukafukai huɗu. A ɓare su, a jiƙa ƙwayar kwana ɗaya, sannan a shuka a leda mai ƙasa da ɗan taki, wata biyu zuwa uku kafin damina. A ajiye a inuwa, a riƙa yayyafa ruwa kaɗan. Idan damina ta zauna sai a dasa a rami mai zurfin kamu biyu, kusa da danga don ta samu abin hawa. A kewaye ta da ƙaya saboda awaki.

Wanda ya tarar da kututturen geza yana toho a filinsa, kada ya tumɓuke shi. Ya bar rassa uku zuwa biyar masu ƙarfi, ya sare sauran. Wannan shi ne sassaben zamani da manoman Maradi suka farfaɗo da gonakinsu da shi. Kafin a shuka a wajen fegin da aka ba ku, a nemi izinin kwamitin sansani da mai gari.

Ɗiban ganye

A bar ta ta yi damina biyu tukuna. A tsinki ganye daga rassan gefe, kada a yi mata ƙwal. A shanya a inuwa, a adana a buhu inda babu danshi.

Gargaɗi

Ruwan geza yana sa yawan fitsari, kuma ana shan sa don sauƙin ciki bayan abinci. Amma ba ya maye gurbin asibiti. Duk mai zazzaɓi, balle yaro, a kai shi a yi masa gwajin cizon sauro a ranar. Jaririn da bai kai wata 6 ba, nono kaɗai za a ba shi. Mai juna biyu da mai shan maganin hawan jini ko ciwon suga su tambayi ma'aikacin lafiya kafin su sha.

Mai son iri ko ƙarin bayani ya zo ofishin kariya da safe, za mu haɗa shi da masu kula da gandun renon itatuwa. Allah Ya ba mu damina mai albarka.