Bayan Aikin Kwatangwalo: A Haƙura Da Zaman Ƙasa

Uwargida, in ke ce aka sauya wa kwatangwalo a Asibitin Ƙashi na Dala, ko mahaifiyarki, ko surukarki, ki sani rabin aikin yana gida. Ba tsofaffi kaɗai ake yi wa ba, don ciwon sikila yakan cinye kan ƙashin cinya tun mace tana da ƙuruciyarta.

Likita yana cire kan ƙashin da ya lalace ne, ya sa na ƙarfe mai kamar ƙwallo. Kafin naman da ke riƙe da shi ya yi ƙwari, wato mako 6 zuwa 12, yana iya gocewa daga gurbinsa. Ga shi a Ungogo da ƙauyukanta kusan komai a ƙasa ake yi: girki, wanki, shara, hira kan tabarma. To, ga abin kiyayewa:

1. Kada gwiwa ta ɗara kwatangwalo tsayi in an zauna. Tabarma da kujera 'yar tsugunno sai a jingine su.
2. Ban da tsugunno a masai. Kafinta ya huda kujera mai tsayi a ɗora a kai.
3. Ban da harɗe ƙafa, ko juya ta ciki. A sa matashi tsakanin cinyoyi lokacin barci.
4. Salla a kan kujera, a ɗan sunkuya kawai. Addini ya yi rangwame ga mara lafiya.

Likita yana iya sassauta wasu, gwargwadon inda ya yanka. Maganarsa ce gaba.

Amma fa kada tausayi ya sa a bar ta kwance. Yawan kwanciya yana daskarar da jini a ƙafa, ya kashe ƙarfin cinya. Shi ya sa masu gashin ƙashi suke tayar da mutum kwana ɗaya ko biyu bayan aiki. A gida ta riƙa takawa da sanda a tsakar gida, kaɗan-kaɗan sau da yawa, tana motsa idon sawu in ta kwanta.

In kika ga zazzaɓi, ruwa daga ciwon, kumburin sha-raɓa, numfashi sama-sama, ko ƙafa ta gajarce farat ɗaya da zafi, a koma asibiti a take. Wannan ba aikin mai ɗori ba ne.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.