Argun, 'Yar'uwar Goruba Da Ta Kusa Ƙarewa

Jama'a, kowa ya san goruba, ya san kabarta da ake saƙa tabarma ake tufka igiya. To, goruba tana da 'yar'uwa a hamadar Nubiya, tsakanin kudancin Masar da arewacin Sudan, sunanta argun. Ga labarin yadda ta kusa ƙarewa, da abin da ake yi don a cece ta.

Yaya kamanninta?

Ganyenta irin na goruba ne, sai dai gangar jikinta ɗaya ce tal, ba ta yin rassa. 'Ya'yanta idan sun nuna sukan yi baƙi-baƙi. Akwai namiji akwai mace, kamar dabino. Macen kaɗai ke yin 'ya'ya, ita ma sai da namiji kusa. A riƙe wannan, domin duk wanda ya kashe mace ɗaya ya kashe zuriya guda.

Yaya aka san ta?

Masana sun fara ganin 'ya'yanta ne a kaburburan Misirawan dā, inda ake binne su tare da mamaci, tun ba su taɓa ganin itacen a tsaye ba. Sai a 1837 wani ɗan sarautar Jamus mai yawon bincike ya same ta a raye cikin hamadar Sudan. A 1963 wani masanin tsirrai ɗan Masar, Loutfy Boulos, ya tarar da ita a dausayin Dungul, kudu maso yamma da Aswan. A Sudan kuwa an daɗe ba a ji ɗuriyarta ba, har wasu suka ɗauka ta ƙare. Sai a 1995 wasu Turawa biyu, Martin Gibbons da Tobias Spanner, suka sake gano ta.

Me ke kashe ta?

Na farko fari, domin inda take akan yi shekara da shekaru ba a ga ruwan sama ba, da ruwan ƙarƙashin ƙasa take rayuwa. Na biyu yankan ganye don tabarma da igiya. Idan aka yawaita yanka, itacen ya raunana, ƙananan kuma ba su samu girma ba. Na uku haƙar zinariya, wadda ta bunƙasa a arewacin Sudan. Masu haƙa suna tone kwaruruwan da take fitowa da manyan injuna.

Me ake yi?

Masanan Masar da Sudan, tare da na lambun Kew na Ingila, sun bi dausayi da kwari suna ƙirga itatuwan, domin ba a tsare dukiyar da ba a san yawanta ba. An tara iri an shuka a Aswan, an kuma kai wani lambunan ƙasashen waje, yadda ko ta mutu a daji ba za a rasa irinta ba. An kuma sa ta cikin jerin tsirran duniya da ke cikin haɗari. Amma lambu ajiya ne kawai. Ainihin ceto shi ne mutanen wurin su bar ta ta hayayyafa inda Allah ya tsiro da ita.

Ina ruwanmu?

Ruwanmu a nan shi ne gorubarmu. A wurare irin su Gulbin Kaba na jihar Maraɗi, kaba abin neman abinci ce ga ɗimbin jama'a. Amma kaba ƙaramar goruba ce, idan kullum ana yanke ta ba za ta taɓa zama itace ba, balle ta yi 'ya'ya. Saboda haka, manomi, ka keɓe wasu kabobi a gonarka su tashi. Mai yanka, ka ɗebi ganyen gefe ka bar na tsakiya. Masu unguwanni da dagatai kuma su hana saran goruba mai 'ya'ya. Rigakafi ya fi magani. Wanda ya karanta, ya karanta wa wanda bai iya ba.