Wasan Yaƙi a Cikin Salula da Kwamfuta

Ya kai mai karatu, in ka ratsa Birni ko Zango da dare, kana iya ganin samari zaune a fada, kowa ya duƙa bisa salularsa. Sai ka ji wani ya ce: "Ku zo ku tashe ni, an harbe ni!" Kada gabanka ya faɗi. Wasan yaƙi ne suke yi. Ya kamata ka san yadda wasan yake, don wataƙila ɗanka ko ƙanenka yana cikinsu.

Yadda ake yin wasan

Wasan yana cikin salula ko kwamfuta. Intanet ke haɗa masu wasan, ko da wani yana Damagaram, wani yana Maraɗi, wani yana Kano. Kowa yana da soja guda da yake juyawa da yatsunsa. Akwai taswira, da bindigogi, da motoci. Suna magana da juna, kowa na jin muryar ɗan'uwansa.

Wasannin iri-iri ne. Akwai PUBG Mobile na salula, wanda ya fito a shekarar 2018. Mutum 100 ake saukewa a fili guda, ana iya kasa su huɗu-huɗu. Akwai Arma 3 na kwamfuta, daga ƙasar Cek, a shekarar 2013. Akwai kuma Squad, wanda wani kamfanin Kanada ya kammala a shekarar 2020. A cikin Squad rundunoni biyu ne, kowace da mutum 50. Ana raba runduna ƙungiya-ƙungiya, kowace ba ta wuce mutum 9 ba.

Kowa da aikinsa

Mu ɗauki Squad mu duba. Shugaban ƙungiya shi ke duba taswira, ya ce ga inda za a bi. Mai magani yana bin waɗanda aka harba, ya tashe su. Direba yana kai harsashi da kayan gini. Wani kuma ya laɓe, ya ga inda abokan gaba suke, ya ba da labari.

To, in direba ya ce shi ma harbi yake so, ya bar motarsa fa? Sai harsashi ya ƙare wa kowa. In wani ya ruga gaba shi kaɗai don a ce jarumi ne, nan da nan za a harbe shi, ya bar 'yan'uwansa da giɓi. Ƙungiyar da ke sauraron juna ita ke cin nasara, ko da babu gwanin harbi a cikinta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da tarihinmu ya nuna

Wannan ba sabon ilimi ba ne a ƙasar Damagaram. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a shekarar 1884, ya kewaye Birni da ganuwa. A zamaninsa ana ƙera igwa da haɗa albarushi a nan cikin gari. Rundunarsa tana da mahaya dawaki, da 'yan bindiga, da 'yan baka. Amma ka tuna da waɗanda ba a yi musu kirari: maƙera, da magina, da manoman da suka noma hatsin guzuri. In babu su, mahayi ba ya zuwa ko'ina. Haka direba da mai magani suke a cikin wasa.

Inda wasa ya bambanta da yaƙi

A cikin wasa, in sojanka ya mutu, sai ka sake sabon zubi. Yaƙin gaskiya ba haka yake ba. A shekarar 1899 sojojin Faransa suka gwabza da rundunar Sarki Amadu Kuran Daga a Tirmini. Waɗanda suka faɗi a ranar ba su koma gida ba. Ka gaya wa yaronka wannan, don kada ya ɗauki bindiga abin sha'awa.

Abin lura

Wasan yana cin kuɗi, don sai an sayi intanet an kuma yi cajin salula. Yana cin lokaci. Wanda ya kwana yana wasa ba ya tashi gona ko lakwal da wuri. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasan na'ura cikin jerin cututtuka.

Saboda haka kada ka fara da faɗa. Zauna da yaronka ka tambaye shi: "Mene ne aikinka a ƙungiyarku? Wa kake taimako?" Ku yanka lokacin wasa da lokacin barci tare. Sa'an nan ka ce masa, yadda ba ya barin abokinsa kwance a cikin wasa, kada ya bar ka kai kaɗai a gona ranar noma.

Tambayoyi

1. Mutum nawa ke cikin runduna guda a wasan Squad?
2. Me ke faruwa in direba ya bar aikinsa?
3. Su wane ne suka taimaki rundunar Sarki Tanimun ba tare da sun hau doki ba?
4. Rubuta aiki guda na garinku da mutum ɗaya ba ya iya yi shi kaɗai.