Yadda Ƙasar Japan Ta Ke Kula Da Tsofaffi Nakasassu A Gidajensu

Hakimai da malamansu sun fi kowa sanin gidan da tsoho ya kwanta ciwo, domin ƙarar da ke tasowa daga irin wannan gida gabansu ta kan zo. Wannan darasi zai bayyana dabarar da ƙasar Japan ta yi a kan al'amarin.

A da, al'adar Japan ita ce matar babban ɗa ta ɗauki jinyar surukanta. Da mutane suka yawaita tsawon rai, mata kuma suka shiga aikin albashi, sai nauyin ya fi ƙarfin iyali. Tun daga 1973, da aka mai da maganin tsofaffi kyauta, iyalai suka riƙa kai su asibiti su bar su can wata da watanni, alhali ba magani su ke bukata ba, mai ɗaga su ne da mai yi musu wanka. Kuɗin Gwamnati ya yi ta zurarewa, gadajen masu ciwo kuma suka cika.

Saboda haka aka kafa dokar inshorar jinya a 1997, ta fara aiki a watan Afrilu na 2000. Inshora, watau asusun da mutum ke zuba wa kuɗi tun yana da lafiya, don a taimake shi ran da ya gaza. Duk wanda ya kai shekara 40 tilas ya biya. Rabin kuɗin asusun daga wannan biya ya ke fitowa, rabi daga haraji. Ƙaramar hukuma ce ke riƙe da asusun, ba Gwamnatin tsakiya ba.

Wajen tantancewa ne ya kamata malamai su lura ƙwarai. In mai shekara 65 ko fiye ya nemi taimako, a kan aiko ma'aikaci har gida da takarda mai tambayoyi 74: ko yana iya tashi, ko yana cin abinci da hannunsa, ko yana gane mutane. Sa'an nan a haɗa da bayanin likitansa, kwamiti ya zauna ya sa shi a ɗaya daga cikin matakai 7. Matakin ne ke yanke iyakar hidimar da za a yi masa kowane wata. Ba a tambaya ko yana da 'ya'yan da za su kula da shi. Halin jikinsa kaɗai a ke dubawa. Lalle wannan ya rage son kai da alfarma. Yawancin tsofaffi su kan biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin hidimar, masu wadata kuwa 20 ko 30.

To, me a ke ba shi? Ba kuɗi a hannu ba, aiki ne: mai zuwa gida ta yi masa wanka da girki, ma'aikaciyar jinya, hayar keken guragu da gado na musamman, da gidan yini inda a ke ɗaukarsa da safe a komo da shi da yamma. Nan suka sha bamban da Jamus, wadda ta riga su farawa a 1995, ta kuma yarda a ba iyali kuɗi su yi jinyar da kansu. A Japan ƙungiyoyin mata ne suka ƙi, suka ce kuɗin hannu zai ƙara ɗaure matar ɗa a gida ne kawai. A ganinmu suna da hujja, ko da ya ke iyalin da ke ƙauye mai nisa, inda ma'aikata ba su cika zuwa ba, sun fi amfana da tsarin Jamus.

Abin bai zo da arha ba. A 2000 mutum miliyan 2 da 'yan kai aka tantance. Kafin 2020 sun haura miliyan 6. Matsakaicin abin da mai shekara 65 ke biya a wata ya tashi daga yen 2,911 a 2000 zuwa yen 6,225 a 2024. Ma'aikatan kuma sun yi ƙaranci, har tun daga 2008 Japan ta fara ɗauko su daga ƙasar Indunusiya, daga baya Filifin da Biyetnam.